Shekarar da Aka Bar Gidanmu a Bayan Ganuwa

Sani, da kai nake, ƙannenka kuma su saurara. An kawo mini abin da ka faɗa a bakin masallaci ranar da aka yi shelar gayyar gyaran ganuwa, wai kai ba ka ɗaukar buhun ƙasa don mutanen da suka zagaye gidajensu suka bar na ubanka a ruwa. Maganar ta yi daɗi a baki, har an ce wasu sun gyaɗa maka kai. To amma sanda abin ya faru kana can kudu kana neman na kanka, Rabi da Luba suna ɗakunan mazansu, ni ce nake nan da idona biyu. Ba zan bari ku gaji labarin ubanku a karkace ba. Akwai abin da nake riƙe da mutanen tungar nan a zuciya, zan kuma faɗe shi ba tare da na tauna ba, amma ba shi ne wanda kake yawo da shi ba.

Ruwan da na tashi na sani mai cika alkawari ne. Farin ruwa ya zo da damina, gurɓatacce kamar kunu, ya hau iya inda ya saba ya tsaya. Baƙin ruwa ya biyo shi da sanyi, garai-garai, daga ƙasashen da ba mu taɓa gani ba. In tafki ya fara ja da baya mu bi sawunsa da dashen albasa da shinkafa, maza su kafa gura su kama kifi, mu mata mu tsaya a kan banda muna ƙyafewa. Kowa ya san lokacinsa. Sai abin ya rikice mana a hankali. Zafi ya ƙaru har kifi ya gudu can ƙasa. Ruwan sama ya riƙa jinkiri sai gero ya naɗe ganye, sannan ya zubo da na wata guda a wuni ɗaya. Farin ruwa ya daina tsayawa inda ya saba. Wata shekara ya shigo har bakin rijiya, ta bayanta ya kwantar da ɗakunan unguwar gabas, muka kwana a ajin firamare da awaki da tukwane da kukan jarirai. Masu sauraren rediyo suka ce sauyin yanayi ne, duniyar ce gaba ɗaya ta ɗau zafi. Inna, kakarku mahaifiyar ubanku, wadda lokacin ido ya riga ya tafi amma baki na nan daram, ta ce su kira shi abin da suka ga dama.

"Ni dai ruwa ya taɓa tashe ni sau guda," in ji ta. "Da ƙuruciyata anka kwashe mu daga gungu, tsibirinmu na tsakiyar ruwa, muna kallo ya rufe kan tsamiyar gidanmu. Ba ni ƙara tashi. In shina so na, shi zo shi iske ni bisa gadona."

Da ruwan ya janye, Maigari Bawa ya tara gari a gindin bishiyar masallaci, mu mata muna bayan zana muna ji. An riga an tura wakilai wurin hukuma, sun dawo da tabarmi da masara da alkawari, mun gode, amma tabarma ba ta tare ruwa. Samari suka ce a tashi gaba ɗaya a koma tudu. Dattawa suka ce tudun nan dutse ne, ba rijiya, kuma masunci bai kwana nesa da jirginsa. Ana ta ja-in-ja sai wani da ya yi noman shinkafa a wajen Shanga ya ce ya ga yadda ake tare ruwa da buhunan ƙasa, me zai hana mu yi babba, mu zagaye garin ta gefen tafki? Aka amince. Maza su haƙa, mata su nemo buhuna. Mu masu banda kowace ranar kasuwar Yelwa sai mu bi 'yan shinkafa da 'yan taki muna roƙon tsofaffin buhuna, mu dawo mu zauna da basilla muna ɗinke ɓarakarsu. Saura wanda zai nuna inda ganuwar za ta bi. Nan ba a yi gardama ba, kowa ya ce ubanku, don ya ƙare rayuwarsa yana kafa gura a wannan gaɓa, ya san inda ƙasa ke da ƙarfi da inda take yaudara.

Ina kan banda a bayan gida ina juya tarwaɗa ranar da ya fito auna wurin. Yana tafe da gorar tuƙi yana soka ta a ƙasa, maza biyu na binsa da turaku. Na hango shi ya taso daga gabas, na sa ran in ya iso kusa da mu zai karkata wajen ruwa ya bi ta ƙofar gidanmu. Ya je can ɗin kuwa. Ya soka gora ta nutse, ya matsa ya sake sokawa ta sake nutsewa. Ya daɗe tsaye. Sai na ga ya zagayo ta baya, ya wuce ni bai dube ni ba, ya karɓi turke ya kafa shi tsakanin bandata da gari.

"Malam, ɓatan hanya ka yi? Ƙofar gida na can."

"Ban ɓata ba, Hassu."

"To mi wanga turke ke yi a bayana?"

"Ƙasan gidanmu rairayi ne. Tsohon rafi ne anka cike tun kafin a haife ki. In anka aza ganuwa a kansa, ruwa ba ta sama za shi hau ba, ta ƙasa za shi bi, shi ɗauke ta da garin duka."

Wallahi na faɗa masa abin da mace ba ta faɗa wa mijinta a gaban mutane. Na ce kowa aka ba rabon nama ya san inda yake ajiye tsoka, shi kaɗai ne a duniya aka ba wuƙa ya zaɓa wa kansa ƙashi. Na ce ɗakin nan da guminmu muka yi masa kwano, a nan na haifi 'ya'yana, a nan na binne cibiyoyinsu. Mazan da ke tare da shi suka sunkuyar da kai. Na rage murya na ce ya matsar da turken gaba kaɗan, wa zai sani?

"Ruwa za shi sani," in ji shi, ya wuce.

Da na kai ƙara wurin Inna ina tsammanin za ta tsine wa turken, sai ta ci gaba da murza carbi. Can ta ce, "Halin ubansa ne. Shi ma haka ya ƙare, kowa na yabo, gida ba gishiri."

Ba mu kaɗai turakun suka bari a waje ba, akwai gidaje biyar na maƙwabtanmu na bakin ruwa, har da na ƙawata Kulu. Aka sake taro, ya kusa zama faɗa. Mijin Kulu ya rantse sai ya tuge turakun ya ƙona. Maigari ya kwantar da shi da alkawari a gaban kowa: da an gama ganuwa, gari duka zai yi wa kowane gida na waje gayya, a cire masa kwano da azara, a kai tudu a tayar masa da ɗakuna kafin farin ruwa ya iso. Liman ya shafa fatiha a kai. Da a nan aka tashi da ban ce komai ba. Sai na ji muryar ubanku ta cikin zana yana cewa tunda shi ya kafa turaku, a sa gidansa na ƙarshe, kada gobe a ce ya ja layi ne don a fara gina masa sabo. Maza suka ɗauki kabbara. Kulu ta damƙe mini hannu don ta san zan iya keta zanar in shiga. Ka ji ko, Sani? Ba wanda ya bar gidan ubanka a waje sai ubanka, ba wanda ya sa shi a ƙarshe sai shi.

Aikin ganuwa kuwa, ko ni da nake cike da haushi ba zan rage shi ba. Ban taɓa ganin irinsa ba. Bazara ce, tafki ya ja can nesa, rana kamar ta fasa kai. Sarkawa da Gungawa, da Kambarin da ke noma a tudu waɗanda ruwan bai ma shafe su ba, duk suka fito. Fulanin ruga suka ba da shanun amalanke. Maza na haƙa suna cika buhuna, ana jerawa ana dannewa da laka, mu mata muna jido a tasa, tsofaffi na dasa ciyawar jema a jikin ganuwar don saiwarta ta riƙe ƙasa. Wanda ba ya magana da ɗan'uwansa saboda rikicin wurin kafa gura sai ga su suna kama buhu ɗaya. Kamun kifi ya tsaya, banda ta yi sanyi, miya ta koma lami a gidaje da yawa, ba wanda ya janye. Ni ma na jidi ƙasa har tsakiyar kaina ta yi kanta. Ka duba wannan abu: kullum in ɗauki ƙasa in ƙara wa abin da zai rufe ni a waje tsawo, da yamma in haura shi in sauka gidana. Da farko tsallakawa nake yi, daga baya sai da tsani. Matan gari suka fara ce mana 'yan bayan ganuwa, da wasa suke faɗa, amma ni ban taɓa yin dariya ba.

Aka gama ganuwa, aka shiga gayyar gidaje. Na farko da na biyu an yi su da zafi-zafi. Sai ruwan sama ya sauka, kowa ya tuna gonarsa, aiki ya fara ja da ƙafa. Na Kulu shi ne na biyar, da ƙyar aka rufa shi. Kafin a zo kanmu damina ta yi nisa. Ubanku ya buga tubali a tudu ya lulluɓe da leda yana jira. Aka sa rana, aka yi rasuwa, aka ɗaga. Aka sake sawa, ta zo daidai da kasuwa. Tafki kuwa yana tahowa, kullum da safe in leƙa in ga ya ci wani abu da jiya yake a tsaye. Da ya iso gindin katangarmu ubanku ya kafa rumfar zana a tudu kusa da tubalinsa, ya goyi Inna a baya ya haura tsani da ita, tana dukan kafaɗarsa tana cewa ɗan banza ya sauke ta, ba ta ce masa tana tashi ba. Haka ya kai ta har rumfar ya dire ta.

Ku da kuka tashi a zamanin leburanci ba ku san nauyin tuwon gayya ba. A wurinmu ba a biyan mai gayya, ciyar da shi ake yi, kuma duk wanda ya sa hannu a tuwon ya ɗaure kansa, ba shi da hutu a idon jama'a sai aikin ya ƙare. Shi ya sa mai mutunci in ya san ba zai iya ba, ba ya ci. Ranar da aka tsayar mana ta ƙarshe na kwashe duk bandar da na tara don kasuwa, tarwaɗa da kurungu, na zuba a miyar kuɓewa. Na tuƙa tuwon shinkafa tukunya biyu manya a gefen banda, don nan ne ya rage a bushe, ruwa ya riga ya shigo ƙofar gida har idon sawu. Maza suka zo da yawa, ba zan ɓoye ba. Wasu suka hau rufi tare da ubanku suka fara zare ƙusa, wasu suka nufi rumbu don kwashe gero. An sauke kwano bai fi uku ba sai lasifikar masallaci ta ɗauka: ganuwa na yoyo ta wajen rijiya, duk namiji ya fito. Kowa ya tsaya cak da abin da ke hannunsa, suka ɗaga kai suna duban ubanku a kan rufi. Da ya ce a ci gaba, da an ci gaba, ko da rabinsu ne. Shi ya fara sauka.

"Malam! Kwanon fa? Geron fa?"

"In ganuwa ta tafi, Hassu, ba mu da wanda za shi gina muna komi."

Kafin in rufe baki gidan ya zama wayam. Ni kaɗai tsaye da muciya, tuwo na tururi, ruwa na lasar gindin rumbu. Na yi niyyar in kife tukwanen nan a tafki kifi ya ci, don ya fi su amana. Sai ga Kulu ta sauko tsani tana haki.

"Hassu, fito daga nan! Mi za mu yi da abincin ga?"

"Kama mu ɗauka."

"Zuwa ina?"

"Inda sunka tafi. Yau ko suna so ko ba su so, sai sun ci shi."

In kun ji ana ba da labari wai uwarku ta kai wa masu aiki abinci don kirki, ku ce ba haka ba ne. Na kai ne don in ɗaure su. Muka malmala tuwon a manyan robobi, wasu mata suka kama mana, muka bi ta kan ganuwa har wajen rijiya. Abin da na gani can ya kusa sa in manta abin da ya kawo ni. Tafki ya cika ya batse, yana dukan buhuna, ta cikin gari kuma ruwa na ɓulɓulowa daga gindin ganuwa yana kwarara cikin lungu. Maza sun jeru cikin ruwa iya ƙirji suna miƙa buhuna hannu da hannu. Buhuna suka fara ƙarewa aka haɗa da katifu da ƙyamaren ɗakuna. Maigari ya ba da tsohon jirginsa aka cika shi da ƙasa aka nutsar a bakin ɓarakar. Ubanku shi ke nutso yana lalubo inda ruwan ke bi, ya taso ya shaƙi iska, a miƙa masa buhu ya sake komawa, mutumin da furfura ta riga ta cinye gemunsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya daga sama ina miƙa malmala da kifi. Suna karɓa da hannun laka suna ci a tsaye, don tun safe ba wanda ya sa komai a ciki. Kowa na duba fuskarsa sosai kafin in sake masa. Da na zo kan Maigari ya miƙo hannu, sai ya tuna, ya ɗan janye.

"Ci, ranka shi daɗe," na ce masa. "Tuwon gayyar gidana ne."

Ya dube ni, ya karɓa ya ci. Liman ma ya ci.

Wajen la'asar yoyon ya ragu. Mutane sun fara hamdala sai na ji wata a bayana ta ce innalillahi. Na juya. Daga kan ganuwa ana hango gidanmu sarai, shi kaɗai tsaye a cikin ruwa. Bangon ɗakin Inna ne ya fara zama, a hankali, ba wata ƙara. Rufin ya karkata ya bi shi. Rumbu ya tuntsura, dammunan gero suka watse a kan ruwa, igiyar ruwa ta naɗe kwanon ta yi kudu da shi. Ban yi kuka ba, na dai zauna a kan buhu. Ubanku na cikin ruwa riƙe da turke. Ya juya ya kalla har bangon ƙarshe ya tafi, sannan ya ce wa na kusa da shi ya miƙo buhu.

Ganuwa ta riƙe. Wannan ku rubuta shi a zuciya. A shekarar tungaye nawa ne a gaɓar nan suka kwanta, daga sama har ƙasa, mutane suka koma kwana a gefen titi. A cikin tungarmu ko ɗaki ɗaya bai faɗi ba, ba a rasa ko jariri ba. Inda ya kafa turaku nan ƙasa ta tsaya. Da ya bi maganata ya matsar da su, da yau ba garin da za ka tsaya a bakin masallacinsa ka yi fushi.

Amma ganuwa gari ta zagaye, ba gonaki ba. Shinkafar fadama duk ta nutse. Iska ta yaye ledar da ke kan tubalinmu, ruwan sama ya mayar da shi tulin laka. Muka tare a rumfar zana. Mutane sun kawo abin da suka iya, wannan kwanon gero, wancan tsohon bargo, kai ma ka aiko, Allah shi yi maka albarka. Kulu ta ɗauki Inna ta sa a ɗakinta. Mijinta ya ce mu ma mu shigo zaurensa, ubanku ya ƙi, wai magidanci da furfurarsa ba ya kwana da iyali a zauren wani, kuma in ya shige can za a ga kamar an gama da shi. Wannan taurin kai ina riƙe da shi har gobe. Tun daren ganuwa ya kwanta da zazzaɓi, ya tashi da tari, tarin ya zauna masa a ƙirji. Na kai shi asibiti a Yelwa aka ba shi magani, likita ya ce a kiyaye shi da sanyi. Na yi dariya a raina. Baƙin ruwa ya iso, iskar tafki na shigowa ta kowace kafa ta zana, da me zan kiyaye shi? Na toshe da buhuna, na hura masa wuta, yana tari ina jin haƙarƙarinsa na amsawa. Yunwa kuwa ta kori samari, wasu haƙar zinari, wasu ci-rani. Da na ga abin ya ƙi, na yafa mayafi na sauka gidan Maigari.

"Ranka shi daɗe, wanda ya ci ladan kuturu, shi ka yi mai aski. Kun ci tuwona."

"Mun ci, Hassu, ban musa ba. Amma dubi garin. Wa ya rage in ba tsofaffi da mata ba? Mutum bai karya ba shi ɗauki tubali? Ga kwano babu, kowa ta cikinsa shikai. Ki yi haƙuri samari su komo."

"Tarin ba shi jiran samari."

"Allah shi ba shi lafiya," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Ba ƙarya ya yi mini ba, na ga garin da idona, yara sun rame, hayaƙi ba ya tashi a wasu gidaje sai da yamma. Da ubanku ya ji na je, ya yi fushin da ban taɓa gani ba, ya ce na tona masa asiri, ba a bin gari da baki kamar mai talla. Na ce in baki ne ya rage mini da shi zan yi aiki. Muka yi kwanaki ba ma magana sai ta magani da abinci.

Wata rana da hantsi na fito da shi ya sha rana, na jingina shi da turken rumfa na lulluɓe shi. Daga nan ana ganin ganuwar duka a ƙasa, ta yi kore. Ya daɗe yana kallo.

"Jemar wajen rijiya ba ta kama da kyau ba," in ji shi. "Ki gaya musu su ƙara kafin damina."

"Kana wanga hali kana zancen ciyawa?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, na riƙe shi har ya lafa.

"Har yanzu kina jin haushina, Hassu?"

"Ina ji."

"To ki ji, amma ki yafe mini."

"Na yafe. Haushin dai na nan."

Ya ce ya yarda da haka. Bai ga bazara ba. Ya cika a rumfar nan, kansa a cinyata, daidai lokacin da samari suka fara dawowa da 'yan jakunkunansu. Kai kana hanya aka binne shi, ka yi kwana biyu ka koma, shi ya sa ba ka ga abin da ya biyo baya ba. Inna da aka gaya mata ba ta yi kuka ba, ta ce a juya ta ta fuskanci bango.

Bayan sadakar bakwai, da sassafe, na ji hayaniya a waje. Ina cikin takaba, Kulu ta leƙa ta dawo ta nuna mini ƙofa. Na ɗaga zana da kaina. Gari ne duka ya hauro tudu, da shebur da kwatarniya da amalanke. Wannan ɗauke da azara, wancan da kwano ɗaya a ka, wani sabo, wani da ramukan tsofaffin ƙusoshi, daga kan rufin zaurensa ya ɓalle shi. Har tsofaffin da aka ce ba su iya ɗaukar tubali suna ciki. Na tsaya ina kallon kwanon nan yana ƙyalli yana hawowa. Ashe akwai kwano a garin. Ashe akwai hannu. Wannan shi ne abin da nake riƙe da su, Sani, ba turaku ba. Abin da suka iya yi wa gawa da kunya, sun iya yi wa mai tari da tausayi, ko ɗaki ɗaya ne, ko rabin ɗaki. Maigari ya aiko Kulu ta gaya mini kada in damu da girki, ya sa a kawo shinkafa daga gidansa a dafa wa masu aiki.

"Ki ce masa ba a ɗora tukunya a nan," na ce. "Abincin wanga aiki sun ci shi tun damina."

Aka mayar da shinkafar. Haka suka yi ginin nan da yunwa, daga safe har yamma, har suka rufa shi. Ko ruwan sha ban aika musu ba.

Don haka in za ka yi fushi, yi shi a inda ya dace, ni ma ina taya ka. Amma ganuwa ba ta yi maka komai ba. Ruwan nan bai gama da mu ba, kowace damina sai ya ƙara ɗaga kai, kuma ba wanda zai zo daga wani wuri ya tare mana shi. Ka ɗauki buhunka ka sauka tare da su. In an miƙo maka tuwo ka duba ƙarfinka kafin ka ci, in ka ci kuma kada ka bari mai shi ya biyo ka gida.

Ɗakin da suka gina shi ne wannan da kuke sauka in kun zo. Ya yi kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Bangon da kauri, ba ya yoyo, sun toshe kowace kafa da hannunsu. Ko a tsakiyar baƙin ruwa, iska na kuka a waje, da zane ɗaya nake kwana. Ɗumin nan shi likita ya ce a nema wa ubanku, kuma bai kwana a cikinsa ko sau ɗaya ba.